Motar Hamisu da Sanyin Asuba

Akwai wani direba a Katuru, can ƙasar Shinkafi, ana ce masa Hamisu. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gas. Fara ce a da, amma rana da shekaru sun mayar da ita wani launi da ba shi da suna. Wurin mahaifinsa ya gaje ta, da ita ya yi aure, da ita yake ciyar da gida. In kana son ka ga ɓacin ran Hamisu, to ka ce motar nan ta isa hutu.

Babban aikinsa na shekara lokacin sanyi yake zuwa. Masu lambun fadama sukan tsinke tumatir da yamma su jera kwanduna, shi kuma ya kwashe su da sassafe zuwa Kaura Namoda, inda manyan motoci ke lodi. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, kuma shugaban masu lambun, Alhaji Bilyaminu, bai taɓa neman wani direba ba. Abin da Hamisu ya samu a watannin nan shi ke riƙe gidansa har damina.

Sai dai aikin yana da sharaɗi. A wannan zamani hanya ba ta biyuwa da duhu, kowa ya san dalili, don haka motoci kan taru su fita a ayari da zarar gari ya fara haske. Wanda ayari ya bari sai ya jira na hantsi. Wanda kuma ya isa Kaura da rana tsaka zai tarar manyan motoci sun cika, tumatir ya fara laushi, dillalai suna taya shi suna yatsine fuska.

Hamisu yana da amini guda, Rilwanu. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, tare aka zane su a makarantar allo, daga baya Hamisu ya auri ƙanwarsa Kulsumu. Rilwanu bakanike ne, rumfarsa na bakin tashar Shinkafi. Tun da motar ta dawo hannun Hamisu, babu hannun da ya taɓa injinta sai nasa.

Ku da ke birni ba lallai ku gane wannan ba. A can, in yayan matarka bakanike ne ka ɗauki motarka ka kai wa wani, ka shelanta wa gari ke nan cewa bai iya aiki ba. Ko tsayawa a kansa yana gyara rashin kara ne. Ka ajiye mota ka ba shi makulli, ka tafi harkarka.

A waccan shekarar, tun kafin sanyi ya kankama, Hamisu ya lura motar ta fara nauyin tashi da safe. Rilwanu ya saurari injin ya ce fulogan hita ne suka mutu. Wasu ƙananan ƙarafa ne guda huɗu da ke ɗumama cikin injin gas kafin a tayar da shi, in babu su injin ba ya kama wuta cikin sanyi. Hamisu ya sayo sababbi daga Kaura, ya bar su da motar a rumfa, ya shiga kasuwa. Da ya dawo ya tarar Rilwanu yana goge hannu da tsumma.

"Leƙa ka gani," in ji Rilwanu. "Sai ƙyalli suke. Bana ko ƙanƙara ta zubo, murɗawa guda za ka yi."

Hamisu ya leƙa, ya ga kawuna huɗu suna ƙyalli, ya yi godiya ya tafi.

Sanyi ya zo da ƙarfinsa, irin wanda ruwan alwala ke cizon yatsu. Ranar farko ta lodi Hamisu ya fito bayan sallar asuba ya murɗa makulli. Motar ta yi gurnani, ta yi tari, ta fesa farin hayaƙi ta yi shiru. Ya sake, ya sake, har batir ya fara ja da ƙyar. Sai da maƙwabta shida suka tura ta har gangaren bayan masallaci sannan ta kama. Ko da ya isa bakin titi ayari ya daɗe da wucewa.

Da yamma ya koma wurin amininsa. Rilwanu ya buɗe bonet, ya taɓa nan ya taɓa can, ya girgiza kai.

"Hamisu, injin ga ya gaji. Hita sabbi nis sa maka da hannuna, kai ma ka gani. In su ba su tashe ta ba, to tsuhwa ne yak kama ta. Ka riƙa sa mata garwashi a ƙasa kahin asuba, ta ɗan ji ɗumi."

Haka aikin ya faɗo kan Kulsumu. Kullum tana riga ladan tashi, ta hura gawayi a kasko, ta lulluɓa da zane biyu ta kai ƙarƙashin mota, ta tsuguna tana fifita da faifai. Wata rana motar ta tashi a kan lokaci, wata rana ta ƙi. Hannun Kulsumu ya tsattsage, tari ya kama ta, amma ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Maƙwabta kuwa suka fara makara a masallaci, kowa na jan lazimi don kada a kira shi turi.

Cikin kwana goma Hamisu ya makara sau huɗu.

To, da daminar da ta wuce Rilwanu ya sayi wata a-kori-kura a hannun wani mutumin Jangeru, iri ɗaya da ta Hamisu, ta ma fi ta lalacewa. Ya yi ta haɗa ta a hankali har ta hau titi. Abin mamaki, ita wannan ko sanyi ya kai ina, murɗawa guda take tashi. Hamisu da kansa yakan yi wa mutane alfahari da ita, yana cewa ku dubi hannun abokina.

Ranar da ya makara na huɗu, Rilwanu ya same shi a ƙofar gida ya yi tagumi.

"Kada ka kashe kanka da tunani," ya ce. "Ni in riƙa kai maka lodin, har Allah shi kawo mahita. Da a ba bare, ai gara shi tsaya cikin gida."

Jama'a, Hamisu sai da idonsa ya kawo ruwa. Da ƙafarsa ya ja Rilwanu har zauren Alhaji Bilyaminu, da bakinsa ya ce, "Alhaji, wanga ɗan'uwana ne. Abin da za ka ba ni amana, ka ba shi. Ni na tsaya mai."

Rilwanu bai makara ko sau ɗaya ba. Bayan mako biyu Alhaji Bilyaminu ya aika aka kira Hamisu. Dattijon ya daɗe yana gyara zaman hularsa kafin ya yi magana.

"Hamisu, da ubanka munka hwara aikin ga, ba na jin daɗin abin da zan ce. Amma mutane sun zauna. Kwana huɗun da ka makara, akwai wanda rabin kayanshi yaz zube. Sun ce a bar wa Rilwanu lodin, bana da baɗi duka. Shi ma ya amsa."

"Ya amsa, Alhaji?"

"Tun shekaranjiya. Na ɗauka ya hwaɗa maka."

Bai faɗa masa ba. Abin ya sosa ran Hamisu, amma ya nema wa amininsa uzuri, ya ce kunya ce ta hana shi. Ya koma neman ƙananan lodi inda babu gaggawa, yau gero daga Zurmi, gobe karan dawa, jibi ya wuni a tasha bai samu komai ba. Tukunyar gidansa ta fara raguwa. Kulsumu ta daina sa nama a miya.

Wata rana ya kai buhunan gero daga Zurmi zuwa Kaura, yamma ta yi masa, dole ya kwana a tasha. Da asuba motar ta yi halinta. Ya roƙi garwashi wurin mai shayi, ya zuba a wani tsohon kwano, yana cikin tura shi ƙarƙashin inji sai ya ji tsawa a bayansa.

"Kai! Janye wutar ga! Tasha kake son ƙonawa?"

Wani tsoho ne lulluɓe da bargo, ya fito daga masallaci da carbi a hannu. Mai shayi ya raɗa wa Hamisu cewa Malam Nuhu ne, ya yi shekara talatin yana gyaran injunan jirgin ƙasa kafin ya ajiye aiki. Tsohon ya nuna masa inda baƙin mai ke ɗiga, ɗan taƙi kaɗan daga garwashin.

"Wane mara tsoron Allah yak koya maka wanga?"

"Baba, injin ne yat tsuhwa. An sa mata hita sabbi ma ba ta tashi."

"Murɗa in ji."

Hamisu ya murɗa. Malam Nuhu ya karkata kai yana saurare, ya dubi hayaƙin, ya shinshina shi.

"Injin ga ya hi ni lahiya. Gas ne ke hita ɗanye, bai samu zahi ba. Buɗe bonet, ka ba ni sifana."

Hamisu ya tsaya jim. Bai taɓa buɗe wa wani bonet ɗin nan ba. Amma Shinkafi na da nisa, tsohon kuma ya riga ya naɗe hannun riga.

Fulogin farko ya ƙi kwantuwa. Sai da aka zuba masa mai aka jira, aka sa ƙarfi, sannan ya motsa yana ƙara. Da ya fito Malam Nuhu ya ɗaga shi ga haske. Kansa na sama yana ƙyalli, amma daga nan zuwa ƙasa tsatsa ce da baƙin toka. Ya jona shi da batir da 'yar waya.

"Mai rai, kahin ka ƙirga goma bakinshi ya yi jajir. Ƙirga."

Hamisu ya ƙirga har ashirin, ƙarfe yana nan baƙi. Na biyu haka, na uku haka, na huɗu haka.

"Baba, ko jabu anka sayar mani?"

"Ɗana, babu wanda yas sayar maka da waɗanga. Sun yi shekaru a wurin ga ba a taɓa su ba, ka ga yadda munka sha wuya. Kawunan kaɗai anka goge da sanfefa don su yi ƙyalli. Wanda yay yi aikin ga ya san abin da shike yi. Wane ne?"

Hamisu ya zauna a kan taya. Ya tuna motar da ke tashi da murɗawa guda. Ya tuna Kulsumu tsugune cikin sanyi tana tari. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne muryarsa shi kansa a zauren Alhaji, yana cewa ni na tsaya mai. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan safiya ba, ko ranar da aka karɓe lodin.

Malam Nuhu bai sake tambaya ba. Da shaguna suka buɗe ya raka shi suka sayo huɗu, ya gwada kowanne a gabansa har ya yi ja kafin ya ɗaura. Ya kankare farin gishirin da ya taru a kan batir, ya tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasan matatar gas.

"Da sahe kada ka yi gaggawa," ya ce. "Murɗa makulli rabi, ka jira 'yar hitilar ga ta mutu. In sanyi ya yi yawa ka sake sau biyu, sannan ka taka kuloci ka tayar. Ka bar ta ta yi ɗumi kahin ka ɗora mata kaya. Kuma duk wanda yac canza maka abu, ka ce shi ba ka tsohon a hannu. Ba zargi ba ne, aiki ne."

Hamisu ya ƙulle tsofaffin fulogan a tsumma ya kama hanyar Shinkafi. Bayan la'asar ya isa rumfa, ya jira har mutane suka ragu, sannan ya kwance tsumman a kan benci.

Rilwanu ya dube su, ya kawar da kai. Ya fara cewa wataƙila rikicewa aka yi, sababbin suka haɗu da wasu kaya.

"Mu buɗe taka mu duba," in ji Hamisu a hankali.

Da Rilwanu ya ɗago, babu kunya a fuskarsa sai ɗaci.

"Shekara goma sha ɗaya ina kwance ƙarƙashin motarka, mai na zubo mani a ido. Kai ake gaidawa a fadama, kai ake aje wa kwando na musamman. Ni ba a tuna ni sai ta lalace. Ni ma ina da ɗiya, Hamisu."

"Da ka ce mani mu raba lodin, wallahi da na raba."

"Da ka ba ni kamar sadaka."

"Sai kag gwammace ƙanwarka ta kwana talatin tana hura wuta ƙarƙashin tankin mai? Da ta kama da ita hwa?"

Hamisu ya tattara ƙarafansa ya fita.

Bai je wurin Alhaji Bilyaminu ba. Ya yi niyya, har ya kama hanyar zauren, sai ya tuna in maganar ta fita sunan gidan su Kulsumu ne zai ɓaci, kuma mahaifiyarsu tana da rai. Ya juya gida ya haɗiye abinsa. Washegari Kulsumu ta tashi za ta hura gawayi ya ce ta koma ta kwanta. Tana daga ɗaki ta ji motar ta tashi da murɗawa guda.

Kwana uku tana kallonsa. Mota ta warke amma mai mota ba ya cin abinci, kuma ko sau ɗaya bai ambaci sunan yayanta ba. Ran na huɗu tana wanki ta ci karo da ƙullin tsumma a aljihun rigarsa. Ta kawo ta ajiye a gabansa.

"Malam, don girman Allah, mi ne ne wanga?"

Ya so ya kauce, ta ce ba ta tashi sai ya faɗa. Ya faɗa mata duka. Kulsumu ba ta yi kuka ba. Ta dubi tafin hannunta da ya tsattsage, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗauki mayafi ta nemi izini.

Ta sami Rilwanu a tsakar gidansa yana cin tuwo.

"Yaya, kullum in na yi tari kai ke ce mani sannu, har magani ka aiko mani da shi. Ashe ka san abin da ke sa ni tarin. Mijina ya ruhe maka asiri sabili da ni. To ni ban ruhe ba. Ko ka tahi wurin Alhaji Bilyaminu da ƙahwarka kahin Juma'a, ko in tahi wurin Inna in hwaɗa mata abin da ɗanta yay yi."

Rilwanu ya je. Ya so ya ce aikin rumfa ne ya yi masa yawa shi ya sa zai ajiye lodi, amma Alhaji ba yaro ba ne. Ya yi ta jan sa da tambaya har gaskiya ta fito, kuma akwai masu lambu uku a zauren. Kafin magariba labari ya gama fadama, kafin mako ya gama tashar Shinkafi.

Aka mayar wa Hamisu lodinsa, ko da yake tumatir ya kusa ƙarewa, abin da ya rasa ya riga ya rasa. Rumfar Rilwanu kuwa ta koma wurin kwanan awaki. Kowane direba ya fara tuno wani gyara da aka taɓa yi masa bai ga tsohon ƙarfe ba, har da waɗanda Rilwanu bai taɓa cuta ba. 'Yan kaɗan da suka ci gaba da zuwa sukan tsaya a kansa har ya gama.

Bayan sanyi ya wuce, wata safiya Hamisu yana wanke mota a ƙofar gida sai ga Rilwanu. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya tsuguna, abin da bai taɓa yi wa Hamisu ba tun suna yara.

"Na cuce ka, na cuci ƙanwata. Ban da abin cewa. Ka yahe mani don Allah."

Hamisu ya ajiye bokiti ya kama hannunsa ya tashe shi.

"Na yahe maka, duniya da lahira. Kai kawun ɗiyana ne, ƙohwar gidan ga a buɗe take gare ka. Shiga ka gaida Kulsumu, an dama kunu."

Rilwanu ya share ido. Injin motar na aiki a lokacin, sai kunnensa na bakanike ya kama wata 'yar ƙara.

"Bel ɗin ga ya saki," ya ce. "Bari in ɗaure maka, ba ya ɗaukar minti biyar."

Ya miƙa hannu zai ɗaga bonet yadda ya saba yi shekara da shekaru. Hamisu ya ɗora tafinsa a kai. Babu faɗa, babu ɗaga murya.

"Bar shi, Rilwanu. Gobe ina shiga Kaura."

Rilwanu ya janye hannunsa, ya rasa inda zai sa shi. Ya tsaya yana kallon motar da ya san kowane ƙusa nata, har Hamisu ya gama wanki ya kashe inji.

Darasi: Cin amanar na kusa ya fi na bare zafi, domin shi ba a tsare masa ƙofa. Wanda ya cuci mai yarda da shi don ya samu, zai iya samun gafara in ya roƙa, amma yardar da ya zubar ba lallai ta dawo ba har ya mutu. In kana sha'awar abin da ke hannun ɗan'uwanka, buɗe baki ka roƙe shi ko ka roƙi Allah naka. Kai kuma mai yarda, kada kunya ta hana ka duba aikin da abincin iyalinka ya rataya a kansa. Ku tura wa direbobi da masu gyara da duk wanda aka ba amanar wani abu, Allah Ya tsare mu da cin amana, Ya tsare mu da masu ci.